Takardu Bakwai Marasa Suna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin in na zauna wuri ɗaya na awa guda Zango zai rushe, na tafka wani kuskure wanda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Masu aiko mini saƙo suna cewa rayuwar marubuci tana ba su sha'awa, to ga ta nan, ku karanta.

Bari in fara faɗa muku ko ni wane ne, kada wani ya ɗauka shehin malami ke magana. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko. Allo na yi, shi ma ban kai ga sauka ba mahaifina ya miƙa ni ga tela. Ajami na iya, hannuna yana gudu a cikinsa kamar keken da ya sha mai. Boko kuwa ina karantawa, amma kamar mai tafiya ba takalmi a kan tsakuwa. Labaran da nake ji a bakin tsofaffin Zangon Lome su na riƙa rubutawa tsakanin riga da riga, har wani abokina mai shagon kwamfuta a Amoutivé, wanda ya iya ajami ya kuma iya boko, ya ce in kawo ya mayar mini da su littafi. Haka na zama marubuci. Ban nema ba.

Littafi na farko ya karɓu, na biyu ya fi shi. Daga nan ƙafata ba ta sake sanin hutu ba. Yau gidan rediyo, gobe taron matasa, ranar Juma'a in ɗora kwali a kan zemijan, babur ɗin hayarmu, in tsaya ƙofar masallaci ina tallar littafi kamar mai maganin basir. Asabar da safe ina koyar da rubutu a wani ajin islamiyya da aka ara mini a Zango, Lahadi kuma in wuce Adakpamé wurin masu aikin tashar jirgin ruwa. Keken ɗinkina iskar teku ta gama da shi da tsatsa. Mai ɗakina takan ce, "Malam, kai ko mutuwa ka yi sai an jira ka, don za a ce kana rediyo."

Ga yadda nake aiki a aji. Ɗalibaina yawanci 'yan lekol ne, Faransanci suka sha, rubutun hannunsu yana wahalar da ni. Don haka kowa sai ya tashi ya karanta abin da ya rubuta, ni kuma ina bin bakinsa ina ɗauka da ajami a warwararrun takardu, in tafi da su gida in duba, in dawo in gaya masa inda ya gyaru da inda ya ɓaci. A saman takarda ta farko nakan sa sunan mai ita. Nawa labaran ba na sa musu suna, don wa zai sa wa kansa alama a cikin kayansa? Duka kuma a gafaka ɗaya suke kwana, nawa da nasu, hannu ɗaya, tawada ɗaya.

A ajin Asabar akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ta girmi sauran ɗaliban nesa ba kusa ba, a baya take zama, wata uku ba ta karanta komai ba. Wata rana da aka tashi ta tsaya har kowa ya watse, ta ce, "Malam, na rubuta abu. Amma ba na aji ba ne. Kai kaɗai za ka ji, ka faɗa mini ko ya yi kama da rubutu."

Muka zauna a baranda, ƙofa buɗe. Na ɗauko alƙalami zan sa sunanta a sama kamar kullum, ta ce, "A'a. Kada sunana ya hau takardar nan. Amana ce."

Na ce na ji. Ta karanta, na ɗauka. Takarda bakwai.

Labarin mahaifiyarta ne. 'Yar ƙabilar Ewe ce, daga wani ƙauye can wajen duwatsu. Ta musulunta ta auri mahaifinsu, ta yi shekara arba'in a Zango tana sayar da bandar kifi, ba ta taɓa fashin salla ba. A al'adar mutanenta, wanda ya mutu nesa da gida akan yanki farcensa da ɗan gashinsa a kai garinsu a binne, don a ce ya dawo. Da ciwon ajali ya kama ta, ta jawo 'yarta kusa, ta yi mata magana da yarensu. Ta ce jikinta su kai shi inda Musulmi ke kai nasu, ta yarda. Amma farce da gashi a kai su kusa da uwarta. Da ta rasu, wurin wankan gawa mata uku ne a ɗakin. Hajiya ta aiki ɗaya ɗebo ruwa, ɗaya ɗauko turare, ta zaro ƙaramin almakashi daga ƙugunta ta yi abin da aka roƙe ta. Bayan sadakar arba'in ta ce wa mutanen gida za ta je saro kaya, ta hau mota ta kai.

Babu wanda ya sani. Musamman yayanta, wanda shi ne na'ibin limamin masallacinmu, mutumin da in ya ce abu bai halatta ba ko kuka kake ba zai sassauta ba.

Da ta gama na ajiye alƙalami. Na ce, "Hajiya, wannan ba kama da rubutu ya yi ba. Shi ne rubutun." Ta ɗauki nata na boko ta yayyaga a gabana, ta ce in na duba nawa in dawo mata da shi ta ƙona. Na ce Asabar mai zuwa. Asabar ta zo ina Adakpamé, an sauya mini rana. Wata Asabar na manta. Ita kuma kunya ta hana ta tuna mini.

A tsakanin nan abokina yana ta matsa mini in kawo labaran littafi na uku, don na riga na yi wa duniya shelar ranar ƙaddamarwa tun kafin a buga harafi ɗaya. Wata safiya ɗan zemijan yana ƙofar gida yana danna mini oda, na zazzage gafaka a kan tabarma. Mai suna gefe, marar suna gefe. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Na ɗaure marasa sunan da zare na aika masa.

Sau uku yana kirana in je in zauna ya karanta mini abin da ya buga daga farko zuwa ƙarshe. Sau uku ina ce masa, "Abin da na rubuta da hannuna ne za ka karanta mini? Na amince da kai. Kai wa masu ɗab'i."

Littattafai suka iso ranar Laraba, ɗari uku, ƙaddamarwa kuma Asabar. Na shafa bangon, na sunsuna, na ga sunana da manyan baƙaƙe, ban buɗe ciki ba. A ranar na raba biyar kyauta: ɗaya gidan rediyo, ɗaya liman, ɗaya mai unguwa, ɗaya alhajin da zai zama babban baƙo, ɗaya kuma na'ibi, don shi zai buɗe taro da addu'a. Da hannuna na miƙa masa bayan azahar.

Alhamis da hantsi ina gidan rediyon da na ba littafin, a Cacavéli, kai tsaye ake watsa shirin. Mai gabatarwar wata budurwa ce mai baki kamar reza, rabi Hausa rabi Faransanci. Muka gaisa, na yi ta zuba game da muhimmancin karatu, irin maganar da na haddace har ina iya yin ta ina barci. Sai ta ɗaga littafin ta ce, "Papa, jiya na karanta shi duka. Amma akwai ɗaya da ya sa ni kuka. Wanda ka sa wa suna Saƙon Inna."

Na ce a raina, yaushe na rubuta Saƙon Inna? Amma na yi murmushi na ce, "Madalla."

Ta ce, "Bari masu sauraro su ɗanɗana." Ta buɗe ta fara: "Innata ba a Zango aka haife ta ba. Ƙamshin hayaƙin kifi bai taɓa barin zanenta ba..."

Ban san lokacin da hannuna ya sauka a kan littafin ba. Na danne shafin, na ji muryata tana cewa, "'Yata, in kin karanta musu kyauta, wa zai saya ranar Asabar?"

Ta yi dariya, mai kula da na'ura ma ya yi dariya ta bayan gilashi. Sauran minti goma na shirin ban san me na ce ba. Da aka rufe shirin na ɗauke littafin daga gabanta na ce akwai kuskuren bugu, zan kawo mata wani. Na roƙe ta kada ta ba kowa labarin nan. Ta dube ni kamar na taɓu, ta ce to.

A bakin titi na buɗe. Shafi na arba'in da ɗaya. Na bi da yatsa, harafi harafi, ina fatan idona ne ke yi mini ƙarya. Almakashin yana nan. Motar ƙauye tana nan. Yayan da yake na'ibi yana nan. Babu suna, amma a Zango wa ke bukatar suna? Na'ibi nawa ne uwarsu Ewe ce mai bandar kifi?

Na faɗa shagon abokina kamar an jefo ni. Na buga littafin a kan tebur na ce, "Wane ne ya ce ka sa wannan?"

Ya cire tabarau a hankali. "Kai. A ɗaurinka ya zo, da hannunka, ba suna a sama. Taken ma ni na laƙa masa don ka bar shi tsirara. Har na ce a raina mutumin nan ya fara iya rubutu."

"Ba nawa ba ne."

Ya ce, "Sau nawa na kira ka?"

Babu abin da ya fi ciwo kamar ka zo da faɗa ka tarar da laifin yana zaune yana jiranka da rigarka a jikinsa.

Ya ce, "Nawa suka fita?"

"Biyar. Na karɓo ɗaya."

"Sauran huɗun suna wurin wa?"

Na lissafa. Da na zo kan na'ibi na gaya masa labarin na wace ce, sai ya mayar da tabaransa ya ce, "Inna lillahi. Je ka wurinta tukuna. Kada ta ji a bakin wani."

Ban so ba. Raina yana cewa in bi gida gida in tattaro littattafan, in gyara a ɓoye, ta mutu ba ta sani ba. Amma na hau zemijan zuwa babbar kasuwa. Na same ta tana auna wa wata mata yadi, na tsaya gefe har ta sallame ta.

"Malam, yau kai ne a rumfata? Ko ka zo tallar littafin har nan?"

Na ce, "Hajiya, na ci amanarki."

Na faɗa mata komai a tsaye, ban yi kwana ba. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta ci gaba da ninke atamfar da ke hannunta, ta ninke, ta sake warwarewa, ta sake ninkewa.

"Yaya yana da shi?"

"Tun jiya."

"Da hannunka ka ba shi?"

"Da hannuna."

"Shi ba irinka ba ne, Malam. In aka ba shi littafi karantawa yake yi."

Na haɗiye wannan, don na cancanta.

Ta zauna a kan ƙaramar kujera, ta dubi layin rumfunan da ke gabanta, matan da suka yi shekara ashirin suna kasuwa tare. Ta ce, "Ka san abin da za a ce? Za a ce Inna ba ta taɓa musulunta da gaske ba. Shekara arba'in na sallarta za su tashi a banza a bakin mutane. Ni a zage ni, na saba. Amma ita tana kwance ba ta da bakin ramawa. Shi kuma a ce ga mai ja mana salla, ga abin da aka yi a gidansu."

Na ce zan je in karɓo, wataƙila bai kai wurin ba.

"In ya kai fa?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "In ya kai, ka ce naka ne. Ka ce ƙirƙira ka yi, ka tsinci wani abu nan wani abu can ka haɗa. Ai sunanka ne a bango. Ka riga ka ɗauka, to riƙe."

Wato ita da kanta ta umarce ni in zama ɓarawon abin da ta rubuta. Na ce to.

Na liman bai ba ni wahala ba, idonsa ya yi rauni, littafin yana nan cikin ledarsa. Mai unguwa ya sa nasa ƙarƙashin rediyo don ya daina girgiza. Alhaji babban baƙo ma sai da aka nemo nasa a cikin mota, bai san an ba shi ba. A wata rana da wannan ya ɓata mini rai. A ranar kuwa sai da na yi wa kowannensu addu'a don bai karanta ni ba.

Saura ɗaya.

Na yi la'asar a bayan na'ibi. Ina sahu na biyu ina kallon ƙeyarsa, ina neman alama a yadda yake kabbara. Ban ga komai ba. Da aka sallame na bi shi gida. Ya shigar da ni zaure, aka kawo ruwa. Littafin yana kan buzunsa, a rufe, da carbi a tsakiya ya sa alama. Na auna kaurin shafukan da ido, na ga carbin bai yi nisa ba, amma ban san ko kafin arba'in yake ko bayanta ba.

Muka gaisa. Ya tambayi iyali, na tambayi jama'a. Na ce, "Allah gafarta Malam, an samu kuskure wurin bugu. Na zo in karɓi wannan in kawo maka gyararre."

"Kuskure a ina?"

"Wajen tsakiya."

"Shafi na arba'in da ɗaya?"

Na ɗauki kofin ruwa na ajiye ban sha ba.

Ya ce, "Ni ban ga kuskure ba. Rubutu ne mai tsafta. Wa ya ba ka labarin?"

"Ba kowa. Ƙirƙira ce. Ka san aikinmu, mu ji wannan mu ji wancan mu ɗinke."

"Ka ɗinke," in ji shi. Ya buɗe littafin, ya cire carbin, ya sa yatsa a wani layi ba tare da ya nema ba. "Farcen babban yatsanta na hagu, wanda ya rabe biyu tun ranar da wuƙar kifi ta sare ta, bai sake haɗewa ba. Wannan a wace kasuwa ka tsinto shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai tela ne, ka iya ɗinki. Ƙarya ce ba ka iya ba. Ita ta ce ka faɗi haka?"

A wajen zauren wata mai koko tana wanke ƙwarya, ina jin ƙarar ruwan kamar a cikin kaina ake zubawa. Na jira tsawa. Na jira ya aika a kira ta, ko ya ce in fita kada in sake taka masallacin. Ya daɗe yana kallon bango.

Da ya yi magana, muryarsa ƙasa take. "Ni na shiga kabari na karɓe ta. Ni na kwance ɗaurin kai don kuncinta ya taɓa ƙasa. Mayafin ya ɗan zame, na ga kitso ɗaya guntu ne, yankan sabo. Na gyara na rufe, ban ce wa kowa ba. Mata uku suka yi mata wanka. Shekara tara ina gaisawa da su ukun ina tambayar kaina wacce ce, kuma don me."

Ya rufe littafin.

"In hukunci ka tambaye ni, bai halatta ba. Yau haka zan ce, gobe ma haka. Ba wannan ya hana ni barci jiya ba." Ya ɗan tsaya. "Ni ta fara haifa. Ni na goya ta a bayana zuwa mota ranar da aka kai ta asibiti. Kwana goma sha ɗaya ina zaune a gefenta ina mata karatu. Ashe akwai abin da take so, ta dube ni ta ga ba za ta iya roƙona ba. Ta jira na fita alwala."

Ban taɓa ganin idon mutumin nan ya kaɗa ba sai ranar. Na kawar da kaina.

"Kuma ban ji a bakin ƙanwata ba. A littafin tela na ji, wanda za a sayar a ƙofar masallacina."

"Laifina ne ni kaɗai. Amana ta ba ni, gaggawa ta sa na..."

"Na san laifinka ne. Kwafi nawa ka buga?"

"Ɗari uku."

"Kana da reza?"

Na ce ina da ita.

"To ka san aikinka kafin Asabar. In shafi ɗaya ya fita Zango, ni da kai ne, a nan da kuma gaban Allah."

Na miƙa hannu zan ɗauki nasa, ya dafe shi. "Wannan kyauta ka ba ni. Ba a karɓe kyauta."

A bakin ƙofa na juyo na ce me zan gaya wa Hajiya. Ya ce, "Maganar da ka yi ta isa haka. Tsakanina da ita ba ya bukatar marubuci."

Duk da haka da na fita na kira ta, don na san tana zaune a kan ƙaya. Na ce, "Ya karanta. Na yi ƙaryar, bai karɓa ba." Na ji numfashinta, na ji hayaniyar kasuwa a bayanta. Sannan ta kashe.

Juma'a tun da aka fito sallar asuba muka zauna a tsakar gida, ni da abokina da mai ɗakina. Shi yana buɗewa ya sa katako, ni ina yanka da reza, ita tana bin jerin labaran da ke farkon littafi tana shafe taken da baƙar tawada. Ganye huɗu a kowane littafi. Mai ɗakina ba ta tambayi abin da ke ciki ba, ta dai ce, "Yau ga ka a gida wuni guda. Ashe sai da masifa." Ba mu tashi ba sai don salla. Kafin magariba yatsuna biyu sun sha yanka, muka tara ganyayen a murhu ta sa musu wuta. Takardu bakwai na ajami kuma na karɓo su a wurin abokina na sa a ambulan na aika wa mai su.

Wani abin kuma, ganyen farko da muka yanke yana ɗauke da ƙarshen labarin da ya gabace shi, wanda nawa ne na gaske. Don haka labarina ya tsaya a tsakiyar magana, wani tsoho ya buɗe baki zai faɗi sirrinsa, sai shafi na arba'in da tara. Babu yadda zan yi.

Asabar aka yi taro. Na'ibi ya zo a kan lokaci, ya buɗe da addu'a, ya roƙa wa iyayenmu da suka rigaye mu gafara, ya daɗe a wurin fiye da yadda ya saba. Bai dube ni ba. Kujerar Hajiya a cikin ɗalibai babu kowa. Da aka tambayi shafukan da suka ɓace na ce kuskure ne nawa, na cire abin da bai kamata ya shiga ba. Wani matashi mai digiri kuwa ya tashi ya ce labarin tsohon nan da na bari ba ƙarshe shi ne ƙololuwar fasahata, na bar wa mai karatu ya ƙarasa da kansa. Aka tafa. Na karɓi tafin, me zan ce?

Hajiya ba ta sake zuwa aji ba. Fiye da shekara in mun haɗu a hanya gaisuwa ce ta baki ɗaya, ta wuce. Abin da ya gudana tsakaninta da yayanta ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ji a wurin mai ɗakina cewa an yi watanni ba ta shiga gidansa ba. Daga baya kuma wata ta ce ta gan su su biyu a tasha da sassafe suna shiga motar da ke zuwa wajen duwatsu, shi yana riƙe da buhun gishiri da sabulu irin tsarabar da ake kai wa dangin uwa. Abin da ya je yi can, da abin da bai yi ba, shi ya sani.

Ni kuwa na rage yawo. Ba don na zama mutumin kirki ba, gajiya ce da tsoro. Ajin Adakpamé na bar wa wani. Kowane littafi yanzu sai na zauna a shagon abokina ya karanta mini shi baƙi da baƙi, ko zai ɗauki kwana uku, yana yi yana mini dariya. In ɗalibi ya ce abin da zai karanta amana ne, nakan ajiye alƙalami in saurara da kunne kawai. Na yi shekaru ina koya wa mutane yadda ake fitar da magana, ban taɓa zama na koyi yadda ake riƙe ta ba.

Za ku ce to yanzu da na zuba shi a nan fa? Na'ibi ya rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya jiƙansa, kuma na sauya abubuwan da za su sa baƙo ya gane gidan. Waɗanda za su gane kuwa ita da bakinta ta riga ta gaya musu. Amma duk da haka kafin in sa wannan na je rumfarta da takarduna, na karanta mata daga farko har ƙarshe, a tsaye, don ba ta ce in zauna ba. Ta saurara tana ninke atamfa. Ta ce littafin nan guda da ba a yanka ba yana cikin akwatinta, yayanta ne ya ba ta da hannunsa.

Na ce, "To in sa, ko in bari?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yanzu ka koyi tambaya?"

"Na koya, Hajiya."

"Sa. Amma ka rubuta cewa nawa ya fi naka duka."

To, ga shi na rubuta.